Almakashi a Hannun Mai Kitso

Hapsatou ba ta zaɓi kitso ba, a cikinsa ta buɗe ido. A unguwar Hausawa ta Garwa aka haife ta, a gidan da kakarta, wata 'yar Damagaram mai zafin hannu, take kitsa kan rabin matan unguwa a gindin darbejiya. Tun ba ta iya ɗaura zane ba take miƙa kibiya da man shanu. Koyarwar tsohuwar ba ta da bayani: ki zauna, ki kalla, in tsagarki ta karkace ki sha ranƙwashi. Abu ɗaya ne ta taɓa faɗa mata da baki, wai aikin mai kitso shi ne ta mayar wa mace kanta da gashin da ya fi na jiya yawa. Wanda ya karye a mataji ma dunƙule shi ake yi a damƙa wa mai shi, ita ta san inda za ta binne abinta.

A 2001 ta biyo mijinta Illiassou zuwa Faransa, riƙe da 'yarsu Amal mai shekara biyar. Shi direban babbar mota ne, mutum mai ƙarancin magana, wanda in ya ce "to" ya gama jawabin ranar. Suka sauka a Saint-Denis, a gefen Paris, can sama a wani dogon bene da lif ɗinsa ya fi son hutu da aiki. Ba a yi wata ba wata 'yar garinsu ta kai ta unguwar Château Rouge, shagon Hajiya Rékia, wani siririn ɗaki tsakanin mahauci da mai sayar da katin waya. Hajiya ta sa ta kitsa kan wata yarinya don ta ga hannunta. Ba ta kai rabi ba aka tura mata kujera.

Masu cewa kitso zama ne da gulma su zo su gwada wuni ɗaya. Kitson Paris ba na Garwa ba ne, inda ake shuku ko zane a tashi kafin azahar. A nan ƙananan kalaba ake so, da gashin kanti har gadon baya, kai ɗaya ya cinye wuni, kuma kowane sili sai an ja an matse. Hapsatou ta yi suna. Mata suna zuwa daga nesa su ce sai ita, Hajiya Rékia kuwa ba ta taɓa ce wa mai kuɗi a'a ba. Haka ta shekara goma da 'yan kai, kanta a sunkuye, yatsunta suna tafiya ko tana hira ko tana gyangyaɗi. Ta ji daɗin sunan, ba a ɓoye wannan. Abin da ba ta sani ba shi ne da hannunta take biyansa.

Babban yatsan dama ne ya fara. Takan farka ta ji shi kamar ba nata ba, sai ta yi ta yarfe hannu kafin ya dawo. Daga nan na kusa da shi ya bi. Ranar da kofin shayi ya suɓuce mata a shago, ta ce zafi ne ya yi yawa. Hajiya Rékia ba yarinya ba ce, ta gane sarai, ta ba ta man zafi ta ce ta riƙa shafawa, sannan ta zaunar mata da wata mai son ƙananan kalaba.

A 2012 kamfanin Illiassou ya mayar da shi Lyon, suka tattara suka koma Vénissieux da ke gefen birnin. A can ne ya matsa mata ta ga likita, kuma shi ne karo na farko da ta ji ya maimaita magana sau biyu. Likitar ta ɗan bubbuga mata wuyan hannu, ta sa aka yi awo, ta ce jijiyoyin sun matsu, gaɓoɓin yatsun kuma sun fara cinyewa. Za a iya yi mata aiki ta samu sauƙi, amma in ta koma jan gashi daga safe zuwa yamma, nan da 'yan shekaru maɓallin rigarta ma sai an ɓalle mata. Hapsatou ta fito ta zauna a tashar bas ta daɗe tana kallon tafin hannunta. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ta fara hawa jirgi. Ba ta kai arba'in ba, kuma ba ta san wani aiki a duniya ba sai wannan.

Bayan an yi mata aikin hannun, ta je ofishin masu neman aiki. Matar da ke wurin ta saurare ta da fara'a, ta tambayi takardar shaidar sana'a. Da ta ji babu, sai ta bayyana mata a hankali cewa a idon doka ita ba mai gyaran gashi ba ce tukuna. Shekara ashirin da ɗoriya a kan kawunan mata, amma tukuna. Sai dai akwai makarantar koyon sana'a ta manya a cikin Lyon, ana karatun shekara ɗaya a zauna jarrabawar CAP, kuma gwamnatin yanki za ta ɗauki nauyinta, sau ɗaya tak. In ta samu takardar, kowane salon, wato shagon gyaran gashi, zai iya ɗaukarta ta yi wanki da rini da yanka. Almakashi ma yana cin hannu, amma ba kamar kalaba ba.

Ta shiga a ƙarshen 2014. Rabin ajin sa'o'in 'yarta ne, masu ƙarfe a hanci, suka sa mata suna Tata, wato gwaggo, tun ranar farko. Malaminsu Mushe Christophe, wato Malam Christophe a bakin Faransawa, wani siriri mai sanƙo, malamin gashi da babu ko sili a kansa, abin da Hapsatou ta yi ta ba Illiassou labari tana dariya. Karatun littafi ne ta fi tsoro, sunayen magungunan rini da na cututtukan fata, amma Amal takan zauna da ita bayan la'asar ta karanta mata, ita kuma ta haddace kamar hadda. Wanki da tausa kai kuwa ba sai an koya mata ba. Matsalar ta fito daga inda ba ta zata ba.

Kowa aka ba shi kan roba mai dogon gashi aka ce a yanke zuwa haɓa. Hapsatou ta tsaga, tsaga mai kyau, ta ɗago gashin tsakanin yatsu biyu yadda aka nuna, ta sa almakashi. Da Mushe Christophe ya zo dubawa, gashin yana kan kafaɗa. Ta sake, ya dawo, yana wuya. Ba ganganci take yi ba. Idonta yana ganin inda aka ce, amma kafin almakashin ya rufe sai yatsun su zame ƙasa da kansu, su ceci ɗan abin da za su iya ceta. Wata ya bi wata abin bai canja ba. 'Yan ajin suka mai da shi wasa, in wata ta bar tsawo sai a ce ta yi yankan Tata.

Wata rana malamin ya tsayar da ita bayan an tashi. Bai yi faɗa ba, ya ce yana son ya fahimta ne kawai, me take tsoro? A inda ta koyi sana'a ba a mayar wa malami magana. Da ya ƙi tafiya sai ta haɗa Faransancinta ta ce masa a wurinsu mace ba ta yanke gashi sai ciwo ko wata masifa.

"Madam, na ji," in ji shi. "Amma masu jarrabawa za su auna abin da ya faɗi ƙasa. In bai kai ba, ko yankan ya fi na kowa kyau, kin faɗi."

Lokacin gwajin aiki aka tura ta wani salon kusa da kogi. A satin farko aka bar ta ta rage wa wata dattijuwa gashi. Da ta gama, ta durƙusa ta tattara abin da ya zuba, ta naɗe a takarda, ta miƙa wa matar da hannu biyu. Matar ta buɗe, ta ga furfurarta, ta dubi mai salon kamar an miƙa mata mataccen ɓera. Mai salon ta ba da haƙuri, ta ja Hapsatou baya ta nuna mata tsintsiya da kwandon shara. Kunya ta hana ta cin abinci ranar. Ta ƙudurta a ranta cewa ba za ta ƙara zama abin dariya ba, kuma daga nan hannun ya ɗan fara jin magana, a kan roba dai da kan baƙi.

Jarrabawar a watan Yuni take, kuma ba a kan roba ake yin ta ba. Kowace ɗaliba za ta zo da mace mai dogon gashi wadda ta yarda a canja mata kamanni gaba ɗaya. 'Yan ajin ba su damu ba, wannan ƙanwarta, waccan 'yar gwaggonta. Hapsatou ta duba duk matan da ta sani a Lyon, kowacce gashinta irin nata ne. Ta tambayi Mushe Christophe ko an hana irinsa. Ya sosa sanƙonsa ya ce ba wanda ya rubuta an hana, amma yankan da aka koya musu da mataji ake bin sa layi-layi, kuma a gashin da ya nannaɗe layin ba ya fitowa. Shi dai ba zai ba ta shawarar ta yi caca da shekararta ba. Da ƙyar ta samu wata maƙwabciya, Nathalie, mai gashi har tsakiyar baya, ta yarda. Ana saura 'yan kwanaki uwar Nathalie ta faɗi ta karye a wani gari can arewa, Nathalie ta tafi jinyarta. Ta kira ta ba da haƙuri har da kuka, amma haƙuri ba ya zama a kujerar jarrabawa.

Hapsatou ta tsaya bakin kasuwa tana tare matan da ba ta sani ba. Wasu suka wuce ba su tsaya ba, wata ta riƙe jakarta da kyau. Ta dawo gida ƙafafunta sun kumbura, ta tarar da Amal ta warware kitsonta da kanta, tana zaune a falo.

Amal ita ce 'yar fari, kuma ita kaɗai Allah ya ba su. Hapsatou ta riƙe kunyar fari yadda aka riƙe ta a gidansu: ba ta taɓa kiran sunan yarinyar ba, "ke" ce ko "'yar nan", ba ta yabonta a gaban mutane, ba ta rungumarta. Yarinyar da ta tashi tana ganin iyayen ƙawayenta suna sumbatarsu a ƙofar lakwal, wato makaranta, ta sha yin fushi da wannan, har ta gaji ta daina. Abin da ya rage tsakaninsu shi ne kai. Ko a lokacin da likita ta hana ta kitso, na Amal bai tsaya ba. Nan ne kaɗai Hapsatou take taɓa 'yarta yadda ranta yake so, ta shafa man kaɗe, ta daɗe a kan tsaga ɗaya ba don tana da wuya ba. Gashin kuwa ya amsa: baƙi, cunkus, in an ja shi ya wuce kafaɗa da nisa, kuma maganin kanti bai taɓa hawa kansa ba.

Amal, wadda a lokacin take shekarar farko a jami'a, ta ce ta karanta sharuɗɗan. In aka miƙar da nata da magani, zai yi. Hapsatou ta ce a'a, ta shiga kicin. Amal ta biyo ta, ta ce karatun nan sau ɗaya ake biya, jarrabawa ta gaba sai baɗi, kuma ta ga yadda uwar take buɗe kwalba da haƙori in tana zaton ba mai kallo. Hapsatou ta ce wannan ba ruwanta. Aka kai ƙara wurin Illiassou, ya dubi wannan ya dubi waccan, ya ce tsakaninsu ne.

"Inna, gashi ne. Yana tsirowa," in ji Amal.

"Ke kika shuka shi da za ki gaya mini?"

Ta faɗi haka, amma washegari ita ta sayo maganin. Ta san abin da yake yi, ta ga kawunan da ya cinye a Château Rouge ba iyaka, shi ya sa ba ta yarda wani ya shafa ba. Ta sa safar hannu, ta bi shi tsaga-tsaga, warin yana hawa mata ido, abin da ya ba ta dalilin hawayen. Da aka wanke aka busar, gashin ya kwanta shar har tsakiyar baya, yana sheƙi. Amal ta juya kai a madubi ta yi dariya ta ce ta zama wata. Uwar ba ta yi dariya ba, don ta taɓa ta ji yadda ya yi laushin da ba na lafiya ba.

Ranar jarrabawa aka jera su a wani dogon ɗaki, madubi bayan madubi, masu dubawa biyu suna zagayawa. Wata daga cikinsu ta tambayi Hapsatou sunan wadda ta kawo. Ta buɗe baki ta rufe, Amal ta amsa da kanta. Aka ce a fara. Yankan da ta zaɓa gajere ne, ya tsaya a ƙasan kunne, ƙeya a fili. Ta tsaga, ta ɗago na farko tsakanin yatsu, ta ji yatsun suna zamewa ƙasa kamar kullum. Ta mayar da su sama, suka sake zamewa. A kujerun gefe har gashi ya fara taruwa a ƙasa, nata wurin fes. Mai dubawar ta wuce ta bayanta, ta ɗan tsaya, ta yi gaba.

Amal ta kama idonta a madubi. Ba ta ɗaga murya ba, kuma da Hausa ta yi, Hausar da ba ta cika yi a waje ba.

"Inna, kin riga kin ƙona shi. In ba ki yanke ba, a banza ke nan."

Maganar ta yi mata zafi ƙwarai, don gaskiya ce. Ta mayar da yatsun ƙasan kunne, ta danne, ta rufe almakashin. Na farko ne mai wuya. Bayansa hannun ya yi aikinsa, tsaga bayan tsaga, ba ta sake duban madubi ba har ta gama. Ta busar, ta gyara, ta ɗauki tsintsiya ta share wurinta yadda aka koya mata. A bas ɗin komawa Amal tana ta shafa ƙeyarta tana cewa iska tana shiga, Hapsatou kuwa tana kallon taga.

Ta ci jarrabawar. Mushe Christophe da kansa ya kira ya gaya mata, ya ce yankan nata na cikin masu kyau. Illiassou ya sayo nama, ya ce "madalla" har sau biyu. Kafin sanyi ya shigo ta samu aiki a wani salon a Villeurbanne, inda yawancin masu zuwa tsofaffi ne masu son rini da hira. Suna son hannunta a wurin wanki, wasu har barci suke yi. Tana da ranar hutu, tana da takardar albashi, tana da inshora, abubuwan da Hajiya Rékia ba ta taɓa jin sunansu ba. Ba wanda zai ce karatun bai yi rana ba.

Gashin Amal ne bai yafe ba. Inda sabon tsiro ya haɗu da wanda aka miƙar ya riƙa karyewa, gaban goshi ya zube, har ta gaji ta je aka aske shi ƙasa-ƙasa kamar na namiji. Ta ce ya fi mata sauƙi, ta sayi manyan 'yan kunne, ba ta taɓa yi wa uwar gori ba ko da wasa. Da ta yi gorin ma da ya fi, don Hapsatou ta samu abin mayar wa martani. Sai dai ta riƙa satar kallon kan tana lissafin tsiro, ta aika Garwa a kawo man kaɗe mai kyau, ta ajiye a ɗakin yarinyar. A wannan tsakanin ba ta da dalilin taɓa ta, ba ta kuwa taɓa ba. Yatsun nata kuma, duk da sauƙin aikin, ba su tsaya inda suke ba. Na tsakiya ya fara lanƙwasa, safiyar sanyi sai ta jiƙa su a ruwan ɗumi kafin su riƙe almakashi.

A 2018 Amal ta gama jami'a ta samu aiki a Paris. Gashin ya dawo, bai kai na da ba amma ya isa kamu. Ana jibi za ta tafi, ta fito da mataji da kibiya ta zauna a ƙasa gaban kujera, ta ce zane take so, manya, kada a wahala. Hapsatou ta ji daɗin da ta manta da irinsa. Ta wanke hannu, ta shafa mai, ta ja tsaga ta farko, ta fito miƙe kamar koyaushe. Ta raba sili uku ta fara. Babban yatsan ya ƙi dannewa. Ta kai tsakiyar kai, ta duba baya, farkon ya riga ya kwance. Ta warware ta sake, ta ciji leɓe ta matsa da ƙarfi, zafi ya harba har gwiwar hannu, silin ya suɓuce. Sau nawa ta sake, ita ma ba ta sani ba. Amal ba ta motsa ba, ba ta juyo ba, har ta ji hannun ya tsaya cak a kanta.

Hapsatou ce ta yi magana. Ta ce akwai wata mai kitso 'yar Chadi a unguwar Guillotière, Achta, an ce tana da hannu. Ta je da safe kafin a cika, kuma ta gaya mata kada ta ja gaban goshi. Amal ta ce ko su tafi tare, uwar ta ce tana da aiki, alhali ranar hutunta ce.

Da la'asar Amal ta dawo. Ta ajiye jaka, ta zo har gaban kujera ta sunkuyar da kai.

"Inna, duba."

Hapsatou ta duba da idon sana'a, tun daga goshi har ƙeya, tana neman tsagar da ta karkace ko inda aka ja fiye da kima, wani ɗan abu da za ta ce zo in gyara miki. Ta nema sosai. Hannuwanta suna kan cinyarta, a nan ta bar su.

"Ya yi kyau," ta ce.

Ya kuwa yi kyau, babu inda yake buƙatar ta.